Ruwan da Kawu Ya Hana

Ranar da muka rasa Kawu na wuni a ɗakin Inna ina taya ta karɓar gaisuwa, kuma kunnena bai huta ba. Ni dai Allah ya yi ni da jin abin da ba a so in ji. Mace za ta shigo ta durƙusa, "Ya haƙuri? Allah shi jiƙan shi, shi sa ya huta," mu ce amin. Sai ta ja gefe ta gyara mayafi, ta rage murya ta ce da ta kusa da ita, "Mutumin kirki, wallahi. Sai dai zancen ruwan nan." Ɗayar ta ce, "Ke dai bari. Allah shi yahe mai." Haka aka yi ta yi har azahar. Ba wadda ta yabe shi ta tsaya a kan yabon, kowace sai ta ɗora "sai dai" a ƙarshe.

A waje ma ba ta canja zane ba. Mijina ya ba ni labari cewa da mai wankan gawa ya ce a kawo ruwa, wani dattijo ya karkato ya ce, "To, daga ina za a ɗebo mai?" Wasu suka sunkuyar da kai suna danne dariya. A gidan mutuwa fa! Da a gabana ya faɗa, furfurarsa ba za ta cece shi ba.

Amma duk wannan bai taɓa ni kamar kukan Inna ba. Kawu yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya goya ta, shi ya aurar da ita bayan rasuwar mahaifinsu. Na zaci rabuwar take wa kuka. Da ɗaki ya ɗan yi sauƙi sai ta kamo hannuna ta ce, "Ya tahi da haƙƙin ruwa bisa kai. Mi za shi ce ma Ubangiji?"

Shi ya sa nake wannan rubutu. In ba a rubuta ba, 'ya'yanmu za su tashi su san shi da suna ɗaya tak, mai hana ruwa. Akwai kuma dalili na biyu, wanda shi ne ke cin raina. Ni da 'ya'yana, da 'yan matan Islamiyyar da nake koyarwa, muna hawa na huɗu na benen Yaya, babban wana. Matakalar benen ɗaya ce. Ruwan da ake zagin Kawu a kansa shi ne kaɗai abin da muke da shi in gobara ta tashi a ƙasanmu.

Kawu injiniya ne, amma ba irin wanda za a nuna gada ko titi a ce shi ya yi ba. Ya ƙare ƙarfinsa a manyan birane yana aiki ɗaya. In an zana dogon bene, shi ake kai wa zanen ya lissafa bututun kashe gobara: kaurin da zai yi, injin da zai tura, yawan ruwan da za a ajiye, don in wuta ta kama a hawa na ashirin, ɗan kwana-kwana ya hau ya ɗaura tiyo ya tarar da ruwa mai ƙarfi yana jiransa. Muna yara mun ɗauka mai gyaran famfo ne da Allah ya yi wa buɗi. Inna kanta in an tambaye ta sai ta ce, "Yana can yana aikin ruwa."

Da ya yi ritaya ya dawo Illela ya sayi ɗan gida na ƙasa a bayan kasuwa. Aka ce masa mutum kamarsa ai sai bene. Ya ce, "Na gama hawa." Sai dai abin da ya gani a can bai bar shi ba. Duk gidan da ya shiga, kafin a gama gaisawa idonsa ya zagaye bango, sai ka ji, "Ina ƙohwa ta biyu?" A ɗaurin aure bakin tabarma yake zama. A masallaci kusa da ƙofa, har aka fara cewa gaggawar fita yake yi. Hancinsa kuwa yana jin fetur kamar yadda kyanwa ke jin kifi, kuma Illela ce fa, garin da jarkar fetur ke kwana ƙarƙashin gado. Ya sha ɗaukar risho na mai shayi da hannunsa ya matsar da shi nesa da masu sayar da fetur a kwalba, mai shayin na bin sa yana, "Haba Baba, haba Baba!" 'Yan kabu-kabu suka sa masa Baba Gobara. Ya san da sunan, yana ma amsawa.

Kuma wallahi ban san mai sakin hannu kamarsa ba. Injin rijiyar wa ya lalace a unguwar nan bai je ya tsuguna a kai ba? Matarsa ta sha mita cewa randarsu ba ta kwana da ruwa, don duk wanda ya yi sallama da buta sai an cika masa. Ni tun ina 'yar mitsitsiya yake ce mini Malama, tun ban san baƙi ba. In ya zo hutu ya tarar an dake ni saboda tsiwa, sai ya ɗauke ni ya ce da Inna, "Ku bar mata bakinta, wata rana za ku bukace shi." Inna ta ce Allah ya kiyaye.

Yaya, babban wana, fatauci yake yi tsakanin nan da Konni. Da Allah ya buɗa masa sai ya ce zai yi benen da ya fi kowanne tsawo a unguwa, hawa huɗu. Da aka kai wa Kawu labari ya yi dariya har da tari, ya ce inda ya fito wannan ai tsugune yake. Sannan ya tambayi abin da za a zuba a ciki. Aka ce ƙasa shaguna: mai katifa, tela da janaretansa, mai kayan babur. Na biyu 'yan canji da ɗakunan ajiya. Na uku 'yan haya. Na huɗu ni da iyalina da azuzuwan 'yan mata. Ya ce matakala nawa? Aka ce ɗaya. Dariyar ta ɗauke kamar an kashe rediyo.

Washegari ya zo da tabarma da tabarau da abin awo, ya zauna gindin dogon yaro yana fuskantar ginin. Ni ya sa riƙe masa bakin abin awon, muka hau muka sauka har ƙafafuna suka yi tsami. Ina ta ƙunƙuni, shi ko a jikinsa. Da muka zauna ya ce, "Malama, kin san daga ina aka hwara lissahin ga?"

Na ce, "Daga tanki mana, Kawu."

Ya ce, "A'a. Daga bakin da yaf hi kowane wahalar samun ruwa. In shi ya samu, kowa ya samu. Wa za shi kwana ɗakin ƙarshe na sama?"

Na ce ni ce.

Ya ce, "To daga ƙohwarki za mu hwara."

Ranar ya yi mini bayanin da har yau yake kaina, kuma da ma ban gane shi ba, da na fi samun barci. Za a ɗora babban tanki a kan rufin bene, bututu ya sauko ta gefen matakala, kowane hawa da bakinsa da tiyonsa. Ƙarfin ruwa daga tsawon da ke bisansa yake zuwa. Na ƙasa, duk nauyin ruwan benen yana kansu, in sun buɗe sai ya fito kamar zai tsaga hannu. Mu da ke gab da tanki kuwa, ɗan tsiyaya za mu samu, shi ya sa dole a ajiye inji a gefen tankin ya tura mana. Sannan duk tafiyar da ruwa ya yi a cikin bututu yana rage masa ƙarfi. In bututun siriri ne, ya ci da yawa. Duk gwiwar da aka karya, ta ci nata. Haka zai bi yana cirewa yana cirewa, ya ga abin da zai rage a bakin tiyona. Bayan ƙarfi kuma akwai daɗewa, tankin ya iya ba da ruwa kamar rabin sa'a ba yankewa, kafin mutane su gama sauka ko taimako ya iso. Ya ƙare da cewa, "Ruwa malalaci na, Malama, ƙasa yaka so. Duk wanda yab buɗe mai ƙohwa a ƙasa, ke yay yi ma sata."

Rigimarsu da Yaya a kan kauri aka yi ta. Yaya ya tsallaka Konni ya dawo da bututu siriri, ya ce shi ya samu. Mai haɗa famfo kuma ya zagaya da shi ta bayan ƙofar babban shago, gwiwa kan gwiwa, don kada ya ɓata wa ginin fuska. Kawu ya zo ya duba ya ce a yanke duka. Yaya ya riƙe baki ya ce, "Haba Kawu, ruwa ai ruwa na. Ko ta kara yab bi za shi iso." Kawu ya leƙa titi. Ya kira mai fura ya sa ta dama, ya zare ƙwaryar biro daga aljihu ya cire tawadar, ya miƙa wa Yaya ya ce, "Sha da wanga." A gaban leburori! Yaya ya zuƙa har kumatunsa suka shige, furar ko motsi. Leburori suka fashe da dariya. An yanke bututun, an sa mai kauri, an shafa masa jan fenti, amma Yaya ya daɗe yana gaida Kawu a tsaye.

Ranar gwaji ni na riƙe tiyo a ƙofar ɗakina. Aka ja igiyar inji, tiyon ya miƙe a hannuna kamar mai rai, ruwan ya tafi fyuu ya daki bangon ƙarshen baranda. Kawu ya je ya shafa jan fenti daidai inda ya daka, ya ce duk ranar da bai kai nan ba, akwai magana. Daga nan duk sati sai ya hau ya tara ni da manyan 'yan ajina, mu warware tiyo, mu tada inji, mu nannaɗe. Na ce masa, "Kawu, Islamiyya nika koyarwa ko kwana-kwana?" Ya ce duka biyun.

Sai aka yi wata bazara da ba za mu manta ba. Rijiyoyin burtsatse suka ja baya, ta benen ma sai ta yi tari ta kawo ɗan abin da ba a rasa ba. 'Yan ga-ruwa suna tura kura har wajen gari su dawo da rabi. Kuma kowa a unguwa ya san akwai jan tanki cike fal a kan benen Yaya, yana ɗaga kai yana ganinsa. To mu nan, wanda bai san mu ba ya sani, ana iya hana mutum rance, ana iya hana shi aure, amma ba a hana shi ruwa. Ko ba kwa ga-maciji da mutum, in ya miƙo buta cika masa ake yi. Ruwan da ke zaune ba a sha ba a alwala, a idon mutanenmu almubazzaranci ne kawai. Aka fara zuwa da bokiti. Kawu ya sayo kwaɗo ya datse bakin ƙasa, ya sa makullin a aljihu.

Duk wanda ya zo, sai ya kama hannunsa ya kai shi gidansa ya juye masa abin da ke randa. Na ga ranar da ya yi wa wani tsoho da ya zo cin kasuwa daga Araba haka, ya ba shi na alwala, ya ba jakinsa, shi ya koma ya yi taimama. Wannan ba wanda ya riƙe. Abin da aka riƙe shi ne ranar da wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta rasu da hantsi, aka rasa ruwan wanka. 'Ya'yanta suka zo gindin bene, babbansu har da hawaye, ya ce, "Baba, gawa ta." Ina leƙe daga sama. Na ce yau kam zai buɗe. Ni kaina na so ya buɗe.

Bai buɗe ba. Ya ce su ba shi lokaci. Ya tsayar da kabu-kabu, tsoho da shi, ya rungumi jarka biyu ya nufi hanyar Tozai a cikin ranar nan mai ƙona ƙafa. Ya dawo da ruwan, rigarsa sharkaf, amma jana'izar da za a yi kafin azahar sai bayan la'asar aka yi ta. Wani ya miƙe a wurin ya ce an bar gawar musulma tana jira alhali ga ruwa a bisa kanta. Daga ranar sunan Baba Gobara ya mutu, aka koma mai hana ruwa.

Da yamma na je na same shi, na sauke masa duk abin da ke bakina. Na ce bokiti nawa ne wankan gawa? Zai ƙarar da tanki ne? Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "In na buɗe ma gawa yau, gobe mai naƙuda ta, jibi mai azumi. Wane zan ce ma a'a? Duk suna da gaskiya." Ya cire tabarau. Ya ce akwai wani bene da ya yi wa lissafi a can, lissafin bai da aibu ko ɗaya. Masu gadi suka ga ruwa zaune, suka riƙa wanke motoci da shi. Ranar da aka bukace shi, aka ɗaura tiyo a sama, iska ce ta fito. Ya ce shi aka kira ya je ya duba daga baya, kuma ya hau har hawan da abin ya faru. Na ce me ya gani? Ya ce, "Takalma, Malama. Bakin matakala." Na gane masu takalman ba su sauko da rai ba.

Da ciwo ya ci ƙarfinsa ya daina iya hawa, sai a kawo shi a babur a ajiye masa kujera gindin matakala. Ni in hau in tada inji, shi ya ɗaga murya daga ƙasa, muryar duk ta shaƙe, "Ya kai?" In ce, "Ya kai, Kawu!" Ya ce, "Ya kai, ko kina son ki sauko?" In ce wallahi ya kai. Sai in ji yana dariya yana tari. Zuwansa na ƙarshe bai ma iya ɗaga muryar ba, mai katifa ne ya riƙa isar da tambayar. Da na sauko ya danƙa mini makullin kwaɗon a gaban kowa. Ya ce, "Za su zage ki. Ki yi haƙuri." Na ce ai ni zagi ba baƙona ba ne. Ban san ba zagi ne zai kayar da ni ba.

Ranar sadakar uku, bayan an raba gumba an shafa fatiha, manya suka zauna a zauren Kawu: Baffa ƙanen mahaifinmu, da Yaya, da limamin unguwa. Inna ce ta aika musu da roƙo. Ta ce tana son a yi wa ɗan'uwanta sadaka mai gudana, kuma ba wadda ta dace da shi sai ta ruwa. A huda jan bututun a ƙasa, a fito da kan famfo bakin titi, duk wanda ya sha ko ya yi alwala ladan ya je masa, ko Allah ya sa ya goge abin da ya gabata. Zauren ya ɗauka da "Madalla, madalla." Har ɗan tsohuwar nan ya ce in an yi haka shi ya yafe duniya da lahira. Aka fito ana murna kamar an ɗaura aure.

Labari ya iso mana cikin gida. Na dubi matar Kawu, tana zaune cikin takaba da tasbaha. Ba ta ɗago ba, ta dai ce a hankali, "Ke kin san abin da za shi ce."

Na sa hijabi na bi Yaya har shago. Na ce, "Yaya, abin da yah hana da ransa shi za ku yi mai da sunan lada?"

Ya ce, "Kai ɗaya na, ɗan ƙarami, kamar ɗan yatsa. Mi za shi rage?"

Na ce ɗan yatsan da ke zuba tun asuba har isha'i fa? Ya ce za a riƙa cikawa. Na ce da wace rijiya, wadda tankin girki ma da kyar take cika shi? Ya ce, "Ke matsalarki kin cika baki. Inna ba ta ci ba ta sha tun ranar. In kina iyawa, tahi ki gaya mata a bar ɗan'uwanta da zunubinai." Na ce makullin yana hannuna. Ya ce ba kwaɗon za a taɓa ba, gefe za a huda.

Na je wurin liman, kuma in faɗi gaskiya ya saurare ni da kyau. Ya ce maganata abin dubawa ce, kare rai yana gaba, abin da ya fi shi ne a ja wa famfon sadaka layinsa daban. Ya faɗa wa Yaya haka. Kowa ya ce to, za a yi in sha Allahu, amma kafin nan a fara da wannan don kada alheri ya yi jira. Ni kuwa na san "kafin nan" ɗin garinmu, da shi ake aurar da jikoki. Mijina ya ce tsakanina da uwata da wana shi ba ya shiga, in ina so mu nemi wani gida. Na ce 'yan hayan hawa na uku fa? 'Ya'yan mutane da ake kawo mini kullum fa, in ce musu me?

Kafin addu'ar bakwai an gama. An yi masa ɗan dakali na siminti, an rubuta a bango a yi wa mamaci addu'a. Ruwan kuwa, tubarkalla, duk unguwar ba famfo mai ƙarfinsa, yadda Kawu ya faɗa. Da fari masu alwala ne. Sai mai shayi. Sai mata da bokiti. Yanzu 'yan kabu-kabu har layi suke yi suna wanke babura, kowa ya gama ya ce Allah ya jiƙan mai famfo. Waɗanda suka yi dariya ranar wankansa su ne a gaba wajen yi masa addu'a. Sunansa ya gyaru a bakin mutane, ba zan ɓoye ba, kuma in na ji wani lokaci har daɗi nake ji, sai kuma in tuna.

Ni a sama nake jin abin. In an buɗe a ƙasa, bututun da ke bangon ɗakina sai ya yi wani gurnani kamar cikin mai yunwa. Ina tsakiyar karatu da yara sai in ji shi, in rasa inda na tsaya. In tela ya tada janareta, sai na leƙa. In na ji ƙauri, ko na masara ce ake gasawa a titi, sai na miƙe. Inna tana jin tsoron wutar can saboda shi, ni ina jin tsoron ta nan saboda yaran da ke gabana, kuma ba wadda za ta iya cewa ɗayar ƙarya take yi.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na kira manyan 'yan ajina muka warware tiyo. Na ja igiyar inji ya tashi. Tiyon ya yi tari, ya yi tsaki, ya tofar da ruwa kamar na kofi biyu a kan ƙafata, sai iska. Jan fentin yana can ƙarshen baranda a bushe. Wata yarinya ta ce, "Malama, bai kai ba." Na ce na gani, ai ba makauniya ba ce ni. Na hau rufi na ɗaga murfin tanki, na hango ƙasansa.

Washegari da hantsi na karɓo sufanar kwance ƙarfe wurin mai kayan babur, na ɓoye cikin hijabi. Na ce yau ko za a tsine mini sai na kwance kan famfon nan na toshe shi, in ya so a kira Baffa, a kira liman, a kira duk wanda za a kira. Na zaunar da yara na ba su hadda, na sauko ina maimaita abin da zan faɗa.

Na tarar ba kowa a wurin sai mace ɗaya a tsugune kan dakali. Inna ce. Ita da ba ta fita, ta tako da ƙafarta tun daga gida da 'yar sandarta. Ta naɗe hannun riga tana alwala a hankali, tana wanke kowace gaɓa kamar mai lallashi, bakinta na motsi. Da ta gama ta ɗago ta gan ni, fuskarta ta washe yadda ban gani ba tun kafin ya kwanta ciwo.

Ta ce, "Ɗiyata, tun ran da anka sa famfon ga nike samun kwana. Shekaranjiya na gane shi cikin mafarki, da hwararen kaya, yana ta dariya." Ta share ido da bakin mayafi. "Allah shi kai haske kabarinai. Allah shi shayar da shi kamar yadda yaka shayar da mu."

Na ce amin. Har cikin raina na ce amin, don ba wanda ya fi shi cancanta.

Ta ce, "Mi ag ga hannunki?"

Na ce, "Ba komi, Inna."

Ta matsa mini wuri ta ce, "To taho ki yi alwala ke ma, ki sa mai albarka. Ke da yaka ji da ke, ban taɓa ganin kin taɓa ruwan ga ba."

Na ajiye sufanar a bayan dakali inda ba za ta gani ba. Na tsuguna kusa da ita, ta murɗa mini kan famfon da hannunta. Ruwan ya fito da ƙarfi har yana fantsama a zanenmu, na tara hannu biyu. Daga tagar hawa na huɗu ina jin muryoyin yaran, sun haɗa baki suna ta hadda.